Ribar a nan, harajin a can: maganar da 'yan Arewa munka ƙi yi

Tun ƙarshen 2024 da Shugaba Tinubu ya aika ƙudurorin gyaran haraji majalisa, babu irin maganar da ba mu yi ba a Arewa. Gwamnoninmu sunka taru Kaduna cikin watan Oktoba sunka ce ba su yarda da sabon tsarin rabon VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan saye, ba, malamai sunka hau mumbari, a Facebook da teburin mai shayi kowa na tofa albarkacin bakinshi. Kuma ni dai ina ganin rigimar tana da dalili, don jiha irin Sakkwato in anka taɓa rabon Abuja to an taɓa albashi da asibiti da makaranta gaba ɗaya. Amma abin da ya tsaya min a rai har yau shi ne, duk faɗan nan kan rabon abin da ya riga ya shiga asusu munka yi shi. Wanda bai shiga ba fa? Kuɗin da ya kamata a ce manyan kamfanonin ƙasa da ƙasa sun biya a nan amma sunka bi ta takarda sunka fice tun kafin ma'aikacin haraji ya gan su, wanga ban ji ko gwamna ɗaya ya ɗaga murya a kai ba, ban ji sanata ba, ban ji mai huɗuba ba.

Ɗaya daga cikin manyan ƙofofin da kuɗin nan ke fita ita ce farashin da kamfanoni 'yan gida ɗaya ke sa wa junansu in suna ciniki tsakaninsu, abin da masana haraji ke ce ma tiransfa firaisin. Kuma dokarshi ba ɗaya ba ce a duniya, kowace ƙasa da irin tata, shi ya sa nake son mu dube shi da idon basira.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen 'yan fata kusa da kwata da safe ya san yadda farashi ke fitowa. Ana zube fatun jar akuya an barbaɗe su da gishiri, mai saye ya ɗaga ɗaya ya juya ta wajen haske yana neman yankan wuƙa ko tabon ƙazuwa, ya jefa wannan gefe ɗaya ya ce lamba ɗaya ce, waccan ya ce ta biyu ce, mai kaya ya ce wallahi Alhaji ba ka yi min adalci ba sake dubawa dai, a taya ya ce albarka, a ƙara ya ce albarka, har a kai inda zai ce na sallama. Farashin da ya fito a nan na gaskiya ne saboda aljihun mai saye daban na mai sayarwa daban, kowa na kare nashi. Daga nan fatar ta hau mota sai Kano, majemun Challawa da Sharada, daga can sai Italiya ko Sifen. To a ce, misali ne fa nake badawa ba wani kamfani nake nufi ba, a ce kamfanin da ya jeme fatar a Kano da wani kamfani mai ofis ɗaki ɗaya a Dubai da masana'antar da ke ɗinka jaka a Italiya duk na mutum ɗaya ne. Fatar ta ci Dala 6 kafin ta gama jemuwa, a kasuwar duniya Dala 10 take. Sai na Kano ya sayar wa ɗan uwanshi na Dubai a Dala 6 da rabi, na Dubai ya sayar wa na Italiya a Dala 10, alhali jirgin da ya ɗauki kayan daga Legas ko hanyar Dubai bai bi ba, takarda ce kawai ta je. Najeriya da ke karɓar kashi 30 cikin 100 na ribar manyan kamfanoni sai ta ga ribar rabin Dala, sauran Dala 3 da rabi ta sauka inda kafin Yunin 2023 ba a biyan harajin riba ko kwabo, yanzu ma kashi 9 ne. Babu wanda ya ce albarka, babu wanda ya ce na sallama, mutum ɗaya ne ya zauna ya rubuta lambar da ta yi mashi daɗi.

Kuma ba a kaya kaɗai ake yi ba, wanda ake yi ta abin da ido bai gani ya fi muni. Uwar kamfani ta ba reshenta na nan bashi da ruwa mai tsada, ko ta ce ku biya ni kuɗin amfani da sunana, ko kuɗin shawara da gudanarwa wanda ba wanda zai iya nuna maka ranar da anka ba da shawarar. Duk waɗannan reshen zai rubuta su cikin kashe-kashenshi, riba ta ragu, haraji ya ragu. Kamfanin na sayar da kaya kamar hauka, motocinshi sun cika titi, amma shekara ta zagayo ya ce shi asara ya yi.

Kada wani ya ce zargi ne na 'yan adawa da Turawa, su Turawan da kansu abin ya ci su. A 2012 ta fito fili cewa Starbucks masu sayar da kofi, cikin shekara 14 da sunka yi suna kasuwanci a Birtaniya Fam miliyan 8.6 kacal sunka biya na harajin riba, suna biyan kuɗin suna zuwa Holan suna sayo kofi ta hannun reshensu na Suwizalan. A Ostireliya, Chevron mai haƙar mai ta sa wani reshenta na Amurka ya ciwo bashi da ruwan da bai wuce kashi 1.2 ba sannan ya ranta wa na Ostireliya a kusan kashi 9, sai da kotun tarayya ta can ta yanke hukunci a 2017 cewa wanga ba ciniki ba ne. Kusa da mu, a Zambiya, hukumar harajinsu ta kwashe wajen shekara goma tana shari'a da kamfanin haƙar tagulla na Mopani kan tagullar da yake sayar wa uwar kamfaninshi Glencore a Suwizalan da arha, sai a Mayun 2020 kotun ƙoli ta ba hukumar gaskiya, kuɗin Kwacha miliyan 240. Kwamitin Thabo Mbeki, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, a 2015 ya ce Afirka na asarar fiye da Dala biliyan 50 duk shekara ta hanyar kuɗin da ke sulalewa, kuma mafi yawansu ta harkar kasuwancin kamfanoni ne, ba ta jakar ɗan siyasa ba kamar yadda muka saba zato. A 2020 UNCTAD, hukumar kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce lissafin ya kai Dala biliyan 88.6.

To mi duniya ta yi a kai? Ƙa'idar da kusan kowa ya rubuta a dokarshi ita ce, in 'yan gida ɗaya za su yi ciniki to su sa farashin da bare da bare za su sa. Amurka ce ta fara tsara ta dalla-dalla a 1968 ƙarƙashin sashe na 482 na dokar harajinta, daga baya OECD, ƙungiyar ƙasashe masu arziki mai mazauni a Paris, ta fitar da kundin jagora a 1995 wanda take ta sabuntawa har 2022. A kunne ƙa'idar tana da daɗi, wa zai ƙi adalci? Matsalar tana wajen aiki da ita. Kafin ma'aikacin haraji ya ce wa kamfani farashinka ƙarya ne, sai ya nemo wasu kamfanoni masu zaman kansu da ke irin wannan sana'a a irin wannan kasuwa ya nuna nawa su suke samu. A Jamus ko Faransa wannan mai sauƙi ne, dubban kamfanoni na wallafa lissafinsu. A nan fa? Ka kwatanta ma'aikaci ɗaya a ofis a Legas ko Abuja, gabanshi fayil mai shafi ɗaruruwa da manyan kamfanonin akanta sunka shirya, ya buɗe rumbun bayanai irin Orbis wanda sai an biya kuɗin waje masu yawa kafin a shiga, ya rubuta Najeriya ya ga kamfanoni 'yan ƙalilan, ya faɗaɗa zuwa Afirka abin bai canza sosai ba, ƙarshenta sai ya kwatanta kamfanin da ke fama da janareta da dizal da faɗuwar Naira da wani kamfani a Folan ko Italiya. Lauyan kamfanin kuwa dama abin da yake jira kenan, ya ce ai ba su yi kama ba. Wasa ne da anka tsara shi don mai bayanai da mai lauyoyi, mu kuma ba mu da ko ɗaya a wadace.

A nan ne bambancin ƙasashe ke fitowa, kuma in ka duba da kyau za ka ga kowa na kiran sunan ƙa'ida ɗaya amma yana karkata ta wajen abin da Allah ya hore mashi. Amurka na da manyan sunaye da fasaha, don haka a wajenta riba ta mai suna ce da mai fasaha. Shi ya sa hukumar harajinta ta kama Coca-Cola ta ce rassanta na Ailan da Barazil da sauransu sun riƙe riba fiye da ƙima a shekarun 2007 zuwa 2009, kotun haraji ta goyi bayan hukumar a Nuwamban 2020, ƙarin harajin da hukumar ta nema kusan Dala biliyan 3.3 ban da ruwa. Chana kuma da take da ma'aikata masu arha da kasuwar mutum fiye da biliyan, sai ta ce a'a, arhar aiki da girman kasuwa su ma suna haifar da riba, don haka rabona ya ƙaru, kuma ta rubuta hakan ƙarara a babin da ta bayar cikin kundin Majalisar Ɗinkin Duniya kan wanga fanni da ya fara fitowa a 2013. Indiya da ta kafa dokarta a 2001 tana kusa da wannan ra'ayi, har ma ta matse ma'aunin: inda yawancin ƙasashe ke karɓar duk ribar da ta faɗa tsakanin mataki na 25 da na 75 na jerin kamfanonin da anka kwatanta, ita ta ce daga 35 zuwa 65, wato filin da kamfani zai yi wasa a ciki ya ragu. Jamus tun 2008 in ka kwashe wani sashen aikinka ka mayar wata ƙasa sai ta lissafa ribar da ta bi shi ta karɓi haraji a kai. Birtaniya da ke cikin masu wa'azin ƙa'idar OECD, da abin ya ishe ta a 2015 sai ta ƙirƙiro haraji na musamman na kashi 25 kan ribar da anka karkatar, ba ta jira kowa ba. Ajantina mai fitar da waken suya da hatsi a 2003 ta ce ita in kaya na da farashi a kasuwar duniya to farashin ranar da anka loda jirgi za ta duba, ba ruwanta da wani ɗan tsakiya mai ofis a wata ƙasa.

Sannan ga masu cin moriyar ɓarakar. Ailan da harajinta na kashi 12.5, wadda Tarayyar Turai ta ce a 2016 ta karɓi Yuro biliyan 13 daga hannun Apple amma ita gwamnatin Ailan ɗin ta tafi kotu tana cewa ba ta so, don ta san sana'arta kenan jawo ribar wasu, sai a Satumban 2024 babbar kotun Turai ta rufe maganar ta ce dole a karɓa. A nahiyarmu Morishus ce ke wannan aiki, har Senigal da Zambiya sunka soke yarjejeniyar harajinsu da ita a 2020.

Amma wadda ta fi ɗaukar hankalina Barazil ce, kuma a kanta nake son in daɗe. Tun dokarsu ta 1996 sunka ce mu ba za mu ɓata lokaci muna neman kamfanin kwatance ba, doka ce za ta faɗi ribar da za a ɗauka ka samu. Ka shigo da kaya daga uwar kamfaninka ka sayar? Za mu cire kashi 20 ko 30 ko 40 daga farashin da ka sayar, gwargwadon irin sana'arka, abin da ya rage shi ne iyakar abin da za mu yarda ka saye shi. Ka fitar da kaya zuwa ɗan uwanka? Kuɗin da ka kashe a ɗora kashi 15. Shi kenan. Kamfani ya san matsayinshi tun farkon shekara, ma'aikacin haraji da kalkuleta zai gama aikin, shari'a ta ragu. Eh tsarin na da illa, wani lokaci yana ɗora wa kamfani ribar da bai samu ba, wani lokaci yana barin mai riba mai yawa ya wuce da sauƙi, musamman a harkar fasaha da suna, kuma yana jawo a karɓi haraji sau biyu kan kuɗi ɗaya tunda sauran ƙasashe ba su yarda da lissafin ba. Shekara fiye da ashirin ana caccakar Barazil a kan haka. Da ta zo neman shiga OECD, sannan Amurka ta canza dokarta a 2022 ta yadda kamfanoninta za su sha wuya wajen a rage musu harajin da sunka biya a Barazil, sai ta sauko ta yi sabuwar doka a 2023 wadda ta zama dole daga Janairun 2024, ta koma kan layin kowa.

Ga abin da ya sa ban yarda cewa Barazil ta yi kuskure tun farko ba. A Fabrairun 2024, wata ɗaya da fara aikin sabuwar dokar, ita OECD ɗin da kanta ta fitar da wani sauƙaƙƙen tsari na kamfanonin da aikinsu rarraba kaya ne kawai, wanda ke cewa ribarsu za ta kasance tsakanin kashi 1.5 zuwa 5.5 na cinikinsu bisa wani jadawali da anka riga anka tsara, kuma dalilin da sunka bayar shi ne ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da kamfanonin kwatance. To wannan mi ne in ba ra'ayin Barazil ba? Haka kuma a cikin Amurka, jihohinta ba su bin ƙa'idar bare da bare tsakaninsu, haɗa ribar kamfanin suke gaba ɗaya su raba bisa inda ya yi ciniki, da can har da inda ma'aikatanshi da kadarorinshi suke, Kalifoniya ta kare wannan har kotun ƙoli a shari'arta da bankin Barclays a 1994 ta yi nasara. Abin da ya halatta tsakanin Kalifoniya da Tekzas shi ne kundin OECD ke cewa bai dace a yi tsakanin ƙasa da ƙasa ba.

Ra'ayina kenan a taƙaice, ƙasa irin tamu kada ta ji kunyar yin doka mai sauƙi mai ƙarfi ko da masana na waje za su ce ba ta da ladabi. Kuma gaskiya a faɗe ta, Najeriya ta ɗan taɓuka. Dokarmu ta farko ta fito a 2012, anka sauya ta a 2018 da wadda ta fi haƙora. A cikinta kuɗin suna da fasaha da za ka biya ɗan uwanka na waje ba za a cire maka fiye da kashi 5 na ribarka kafin ruwa da haraji da zaizayar kadara ba, ka kawo duk hujjar da za ka kawo. Kayan da ke da farashi a kasuwar duniya kamar ɗanyen mai da amfanin gona, wancan farashin za a duba, irin na Ajantina. Rashin cika takardar bayyana alaƙa tarar Naira miliyan 10 ce da kuma 10,000 kowace rana. Dokar kuɗi ta 2019 ta ƙara da cewa ruwan bashin da za ka biya ɗan uwanka na waje kada ya wuce kashi 30 na waccan ribar. Rukunin kamfanonin da cinikinsu ya kai Naira biliyan 160 dole su kawo rahoton ƙasa-ƙasa, nawa sunka samu a ina, ma'aikata nawa, haraji nawa. A Fabrairun 2020 kotun ɗaukaka ƙarar haraji ta yanke hukuncin farko a wannan fanni, tsakanin hukumar harajin tarayya FIRS da Prime Plastichem mai shigo da kayan roba daga wani kamfanin da suke da alaƙa a Amurka, kuɗin kusan Naira biliyan 1.7, hukumar ta yi nasara. Ka lura fa, doka tun 2012, hukuncin farko sai 2020.

Inda na fi jinjina wa ƙasar nan shi ne Oktoban 2021, lokacin da ƙasashe 136 sunka sa hannu kan yarjejeniyar OECD ta sabon rabon haraji, Najeriya da Kenya da Pakistan da Siri Lanka sunka ƙi. Dalilinmu a fili yake, sashen farko na yarjejeniyar kamfanonin da cinikinsu ya haura Yuro biliyan 20 kawai ya shafa, wajen guda ɗari a duk duniya, kuma sai mun ajiye dokarmu ta 2020 da ke ba mu damar karɓar haraji daga kamfanonin intanet da ke cin kasuwarmu ba tare da ofis a nan ba. A ba ka kaɗan a karɓe mai yawa. Bayan nan Najeriya ce ta gabatar da ƙuduri a madadin ƙasashen Afirka a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa a dawo da rubuta dokokin harajin duniya can inda kowa ke da ƙuri'a ɗaya, a Nuwamban 2023 ƙasashe 125 sunka goyi baya, 48 sunka ƙi, 9 sunka yi shiru, kuma in ka duba 48 ɗin nan mafi yawansu masu arzikin ne. Amurka ta fice daga tattaunawar a Fabrairun 2025. Wanga abin alfahari ne da ɗan Sakkwato ya kamata ya sani, amma mutum nawa ne a cikinmu sunka ji labarinshi?

Na san abin da wasu za su ce, don ana faɗa min. Na farko, Malam in ka matsa wa kamfanoni guduwa za su yi, ga GSK masu magani da P&G masu kayan wanka da wanki sun sanar da rufe ayyukansu a nan tun 2023. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba kowane ciniki tsakanin 'yan gida ɗaya ne zamba ba, dole reshe ya sayi kaya wajen uwarshi, dole a sa wani farashi, kuma kamfanin da anka karɓi haraji sau biyu a hannunshi an zalunce shi. Sai dai waɗanda sunka tafi, abin da sunka fi kuka da shi rashin Dala ne da faɗuwar Naira da tsadar aiki. Kuma mai zuba jari na gaskiya abin da ya fi tsoro shi ne rashin tabbas, a zo mashi bayan shekara biyar da lissafin da bai taɓa ji ba. Doka mai faɗin lamba ƙarara tun farko ta fi mashi sauƙi da dokar da sai an je kotu kafin a san ma'anarta.

Na biyu, wadda ta fi zafi: ko an karɓo ma sacewa za su yi, to mi ye namu? Wallahi na fahimci mai wannan magana, wanda ya ga asibitin ƙauyensu babu ko ma'aikaci ɗaya da dare yana da hakkin ya yi fushi. Amma kuɗin da ya shigo asusun tarayya aƙalla yana da lamba, ana wallafa rabon wata-wata, za ka iya tsare shugaban ƙaramar hukumarka ka ce kaza ya shigo ina ya tafi. Wanda ya sauka Morishus ko Dubai wa za ka tambaya? Harajin ribar kamfanoni asusun tarayya yake shiga, jihohi na ɗaukar kashi 26.72 ƙananan hukumomi 20.60, cikinsu har da namu 23 daga Sabon Birni zuwa Kebbe. Harajin ilimi da TETFund ke gina ɗakunan karatu da shi a jami'ar Ɗanfodiyo da kwalejin Shehu Shagari da foliteknik ta Umaru Ali Shinkafi, shi ma daga ribar da kamfani ya bayyana ake yankar shi, ko yanzu da sabuwar dokar da anka sa wa hannu a Yunin 2025 ta haɗe shi cikin harajin ci gaba na kashi 4, har yanzu kan riba yake. Riba ta ragu a takarda, ajin da ɗiyanmu za su zauna ya ragu. Kuma mu ne hukumar ƙididdiga ta ce a 2022 kashi 91 cikin 100 na mutanenmu na cikin talauci mai fuskoki da yawa, mafi yawa a duk ƙasar. Legas tana da harajin cikin gida da za ta jingina da shi in rabon Abuja ya yi ƙasa, mu ba mu da shi, don haka wanga yoyo mu ya fi ci ko da kuwa kamfanonin ba a garinmu suke ba.

Akwai kuma abin da ke ƙona min rai in na shiga kasuwa. Mai albasa ya taso daga Goronyo ko Gada da buhunanshi, kafin ya sauke an yanka mashi rasit a hanya, an yanka a bakin kasuwa, mai kabu-kabu kullum da tikitinshi, malamin makaranta tun kafin albashi ya shigo an cire nashi. Waɗannan ba su da reshe a wata ƙasa da za su ce shi ya ci ribar. Duk lokacin da babba ya zille, gwamnati kan ƙaramin take komawa, VAT da ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020 kowa ya ji shi a jikinshi.

Kada kuma mu ɗauka Turawa da 'yan Chana da Indiyawa kaɗai ke wannan. Attajiranmu na gida su ma suna da kamfanoni a Dubai da Landan, kuma ko a cikin ƙasa ana yi, mutum na da kamfani biyu, ɗaya gwamnati ta ba shi hutun haraji ko yana yankin da ba a biyan haraji, sai a tura ribar can a bar ɗayan da asara. Dokar 2018 ta shafi irin wannan cinikin na cikin gida ma, saura a ga an yi aiki da ita kan wanda ke da lambar wayar minista.

Abin da nake so daga sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilanmu ba mai wuya ba ne. Yanzu da FIRS ta koma sabuwar hukumar haraji NRS, su tambaye ta a zaman kwamiti a bainar jama'a, mutum nawa ke aiki a sashen da ke binciken farashin 'yan gida ɗaya, nawa ake biyansu da har kamfanonin akanta ba za su ɗauke su da zarar sun ƙware ba, bincike nawa sunka kammala bara kuma nawa ya shigo. Su nemi a faɗaɗa tsarin riba tsayayya zuwa sana'o'in da kowa ya san yadda suke, rarraba kaya da sarrafa fata da fitar da riɗi da citta, a bar dogon bincike ga mai da gas da sadarwa da bankuna inda manyan kuɗin suke. A sake duba kowace yarjejeniyar haraji da ke jiran amincewar majalisa kafin a ɗaga hannu. Sannan rahoton ƙasa-ƙasa da kamfanoni ke kai wa hukuma a asirce, Tarayyar Turai ta yi dokar wallafa irinshi tun 2021, Ostireliya ta bi sahu a 2024, babu dalilin da zai hana mu ce duk rukunin kamfanin da ya kai wancan ma'aunin na Naira biliyan 160 ya manna nashi a intanet, ɗan jarida a Sakkwato da ɗalibin akanta a Ɗanfodiyo su buɗe su ga nawa ya sayar a Najeriya, ma'aikata nawa gare shi a nan, nawa ya biya.